Lahadin da Na Kasa Tashi a Summerfield

Saratu ce ta zo ɗaukata a filin jirgin Greensboro. Kafin in gama kallon fuskarta, idona ya riga ya sauka a kan motarta. Ajinmu ɗaya a sakandare a Kafanchan, ita a gadon sama ni a na ƙasa, kuma duk shekara shidan nan ba ta taɓa wuce ni a jarrabawa ba. Ni nake yi mata aikin lissafi, ita ta wanke mini kwano. Da shekara uku kacal ta riga ni zuwa ƙasar nan. Amma muna cikin mota wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka ta ce Sera ce, ta shiga zuba Turanci ta hanci tana tuƙi da hannu ɗaya. Na zauna a gefenta da jakata a cinya, na rasa inda zan sa idona.

Yau kwana goma sha ɗaya da abin da zan faɗa muku. Barcina bai dawo daidai ba, kuma in wani ya ɗaga murya a bayana a wurin aiki sai in waiwaya da sauri. Karatuna bai wuce sakandare ba, ku karɓi labarin yadda ya zo. Abu ɗaya ne ba zan ɓoye ba: ina ƙyashin Saratu tun ranar farko, ita kuwa ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Wannan ma yana cikin abin da ke cin raina.

Wendover

Wata biyar na farko a gidan wata Anti Ladi na yi su, ƙawar gwaggona. A gida an ce karatun jinya za ta sa ni. Da na zo sai na tarar reno ne da wanki da girki. In na yi maganar makaranta sai ta ce, "Ke da ko hanyar bas ba ki sani ba?" Ranar da na bar gidan, Saratu ce ta kwashe kayana, ta shimfiɗa mini doguwar kujerar falonta. Ita ta samo mini aiki a wani sito da ke bayan manyan shagunan Wendover, inda muke cusa kaya a kwali muna liƙewa.

Garin nan ba a yi shi don mai tafiya a ƙasa ba. Daga gidanmu zuwa siton, a mota minti goma sha biyu ne. Ni bas biyu nake shiga, awa ɗaya da rabi, sannan in taka a bakin titi inda babu hanyar mutane, motoci suna wuce ni iskarsu tana ɗaga mini siket. Akwai wata direbar bas, baƙar fata, mai jiki, in ta hango ni a madubi ina gudu sai ta tsaya ta ce, "Taho a hankali, bebi, ba inda za ni." Ban san sunanta ba. Sau biyu na yi kuka a kujerar baya ta motarta ba tare da wani ya taɓa ni ba, kawai na tuna ƙamshin citta in an shanya ta a ƙofar gidanmu.

Mama kuma in ta kira, gaisuwa biyu sai labarin gidan su Saratu. An canja musu kwanon rufi. Uwarta ta zo zumuntar mata da sabon leshi. "Ba matsa miki nake yi ba, Rifkatu," in ji ta, "labari ne kawai nake ba ki."

Irving Park

Saratu tana kula da wata tsohuwa a Irving Park, unguwar da bishiyoyinta suka girmi kakana, ba ka ganin kowa a waje sai masu yankan ciyawa. Maƙwabtan tsohuwar suka ce suna neman mai kula da babansu, Saratu ta kai ni. Matar gidan ta yaba da ni, albashin ya ninka na sito. Sharaɗi ɗaya ta sa: sai ina da motar kaina, don za a riƙa kai tsohon asibiti. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Lasisi ina da shi, Saratu ce ta koya mini tuƙi a filin coci. Mota ce babu. Wani bakanike mutumin Maraɗi, Malam Isuhu, yana da wata tsohuwa mai ruwan toka a garejinsa, dala dubu uku. Ni kuma duk abin da na tara a wata bakwai, dubu biyu da ɗari ɗaya ne.

"Bon, ƙanwata," ya ce, "permin tuƙi kin samu, saura ƙarfen. Na riƙe miki zuwa Litinin. In ta wuce, akwai wani ɗan Ghana da ya hana wayata hutawa."

A hanyar komawa Saratu ta ce, "Ɗari tara ne ko? Zan cika miki."

Na ce a'a.

"Don me?"

"Akwai inda nake sa rai."

Babu inda nake sa rai. Dubawa kawai na yi: kujerar da nake kwana a kai tata ce, aikin ita ta samo, tuƙin ita ta koyar, yanzu kuma in shiga motar da ƙafafunta na baya nata ne. Uwarta ta ji, Mama ta ji, duk layinmu ya ji.

Ɗan tsohuwar da take kula da ita, Mista Wolta, yana da gonar dawakai a Summerfield. Duk Lahadi da rana shi da abokansa suna zama su yi foka, karta ce ta kuɗi, Saratu ce mai raba musu kati suna jefa mata na goro. A falonmu ta koyi rabon, ni ce abokiyar gwajinta, muna sa gyaɗa a madadin kuɗi. Kullum gyaɗarta a gabana take ƙarewa. Dama a makaranta ba wadda ke cina a kartar wot. Ta taɓa ce mini, "Ke fuskarki ba ta faɗin komai, har tsoro kike ba ni." Na riƙe maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Summerfield

Lahadin, da aka tashi sujada, na ce zan bi ta in ga dawakai. Ambulan ɗin kuɗin yana cikin jakata, a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki.

Muka fita gari ta arewa, gidaje suka fara nisa da juna, sai fararen shingayen katako da ciyawa. Ɗakin kartar yana saman rumfar ajiye motoci, bene ɗaya ne na katako, ta nan ake hawa ta nan ake sauka. Maza shida ne, yawancinsu tsofaffi. Mista Wolta ya kai saba'in, kansa fari fat. Da hannunsa ya zuba mini nama a faranti, ya tambaye ni ko iyayena suna raye, ko suna lafiya. Tun da na zo ƙasar nan ba wani babba da ya tambaye ni haka. Akwai kuma wani Rendi, ɗan kwangilar gini, ƙato, da bindiga rataye a ƙugunsa. Na taɓa Saratu na nuna mata da ido. Ta ce a nan kamar waya ce, in daina kallo.

Kujera ɗaya ba kowa a kai. Mista Wolta ya ce cikin wasa, ko 'yar uwar Sera ta iya? Na ce na iya.

Saratu ta ja ni gefe wai in taya ta ɗauko ƙanƙara.

"Nan ne inda kike sa rai?"

Na ci gaba da kwasar ƙanƙara.

"To, ba zan yi kokawa da ke a gidan mutane ba. Abu biyu. A tebur ba a yin wani yare sai Turanci, ko sannu ce, cewa za su yi maguɗi ne. Na biyu, duk lokacin da kika ga dama ki tashi. Ba a neman izini. Nan ba gidan kawunki ba ne."

"Na ji, malama."

Na ciro ɗari biyar, aka ba ni kwabban roba masu launi-launi, su ne kuɗin tebur. Wasan ba shi da wuyar gani: kowa kati biyu a rufe, sai a buɗe biyar a tsakiya da kaɗan-kaɗan, mai ganin nasa ya yi kyau ya zuba kuɗi, wanda bai yarda da nasa ba ya ajiye ya fita.

Awa biyun farko kamar wani ne ke yi mini. Tsofaffin nan surutu ya yi musu yawa, Rendi kuma in katinsa ya yi kyau sai ya daina tauna cingam. Da ƙarfe huɗu, abin da ke gabana ya kai dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin. Na haɗa shi da na jaka a cikin kaina har sau uku. Mota ta cika, har da na mai.

Na dafa tebur na ce, "Ni zan tsaya a nan."

Mista Wolta ya dube ni ta saman gilashinsa yana murmushi. "Tun yanzu? Ko kek ba a yanka ba."

Na koma na zauna.

Wanda bai tashi a gidajenmu ba zai ce wauta ce. A wurinmu in baƙo ya ce zai koma, mai gida ya ce tun yanzu, ba ka miƙewa. Ka ƙara zama, a ƙara hira, ka faɗa na biyu, wani lokaci har na uku, sannan a ce to, a gai da gida, a raka ka bakin ƙofa. Balle dattijon da ya ba ka abinci da hannunsa. Kuma a wot ɗinmu na makaranta, wadda ta cinye wa mutane sabulu da gari ba ta tashi sai sun ce sun haƙura. In ta tashi, ɓarauniya ce har ƙarshen zango. Ƙafafuna ne suka zauna kafin kaina ya yi tunani.

Wannan rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, daɗi nake ji. Mazan da ke kiran Sera, Sera, yanzu ni suke zolaya, har sun sa mini suna Riki. Saratu kuma tana miƙo mini kati tana turo mini kuɗi kamar yadda take yi wa kowa. Da na ci wani babban zubi, na ɗauki kwabon dala biyar na jefa mata yadda na ga suna yi. Ya gangara ya tsaya a gaban yatsunta. Ta dube shi, ta ce da Turanci, "Na gode, madam." Ubangiji ya gafarta mini, tun da na sauka ƙasar nan zuciyata ba ta yi sanyi irin na lokacin ba.

Ta riƙa ɗaga mini gira tana duban ƙofa. Da na fita na zauna a baranda ina kallon dawakai har ta gama, da shi ke nan. Amma ni abin da na karanta a girar shi ne ba ta so in yi mota ba da hannunta a ciki ba.

A hagu da ni akwai wani tsoho siriri, Mista Jin, wai da can mai raba wasiƙu ne. Bai ci da yawa ba, bai faɗi da yawa ba. Wajen biyar saura, lokacin nawa ya sauko ɗari tara, ya sunkuyo ya ce a hankali, "'Yata, ni tun kafin in hau benen nan nake yanke wa kaina lokaci da kuɗi. Duk wanda ya riga zuwa, sai gida. Naki ya zo ɗazu, na gan shi a fuskarki." Fuskar da aka ce ba ta faɗin komai.

Biyar na cika ya tattara kwabbansa, ya canja, ya ɗauki hularsa. Mista Wolta ya ce masa tun yanzu, daidai yadda ya ce mini. Ko juyowa bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga. A raina na ce tsohon nan ba shi da tarbiyya. A bakin bene ya tsaya ya ce mini gari zai shiga, in ina so ya sauke ni. Saratu ta gyaɗa mini kai da sauri har 'yan kunnenta suka motsa. Da ba ta gyaɗa ba, ina jin da na bi shi.

Na ce masa na gode, ina nan.

Daga nan ba na iya jera labarin daidai. Na dai san na fara bin kowane zubi don in koma inda nake da ƙarfe huɗu. Abin da ya ragu nake gani kamar sace mini aka yi, na manta awa uku da suka wuce ba nawa ba ne. Na sake cewa zan tafi sau ɗaya. Wannan karon Rendi ne ya ce, "Haba Riki, kuɗina ne a gabanki, ki ba ni dama mana." Na zauna. Kafin ƙarfe shida gabana ya zama fili, sai koren ƙyallen tebur.

Na buɗe jaka, na ɗaga Littafi, na ciro ambulan. Dubu ɗaya da ɗari shida. Mista Wolta ya ce, "Kin tabbata?" Na ce e. Saratu ta tsaya da katin a hannu ba ta raba ba, sai da wani ya ƙwanƙwasa tebur.

A rabo na uku bayan nan aka ba ni sarauniya biyu. Aka buɗe na tsakiya, ga ta uku. Kowa ya fita sai ni da Rendi. Ya zuba na bi, ya ƙara na bi, ɗari huɗuna suka shiga. Aka buɗe katin ƙarshe. Rendi ya turo duk abin da ke gabansa da hannu biyu. In na bi na ci, mota ta dawo har da ƙari. In na faɗi, wata bakwai na liƙe kwali sun tafi a banza. Na dube shi. Bakinsa ba ya motsi, amma ban sani ba ko ya tofar da cingam ɗin tun ɗazu. Na sa tafin hannuna a bayan kwabbaina.

Saratu ba ta ɗago ba. Idonta a kan tebur, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce da Hausa, "Rifkatu, don girman Allah, ajiye katin nan."



"Me ta ce mata?" in ji Rendi. Bai ɗaga murya ba tukuna. "Wolta, me ta ce mata?"

Saratu ta ce, "Cewa na yi ta haƙura."

"Haka kika ce. Wa ya sani?" Ya miƙe, kujerarsa ta faɗi ta baya. "Mai raba kati da ƙawarta. Tun ƙarfe biyu nake ganin ana ɗage-ɗagen gira, yanzu na gane." Ya watsa wa Saratu katinsa biyu. Ya zagayo ya tsaya tsakanina da benen, hannunsa a ƙugu. Har yau ban sani ba ko ƙugun ya dafa ko bindigar. Na san dai fitsari ya kusa kufce mini, kuma abin da ya zo kaina shi ne Mama ko sunan garin nan ba za ta iya faɗa ba in aka ce mata a nan ne. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce wa ke kiran 'yan sanda wurin caca. Na buɗe baki in ce ban yi komai ba, Turancin duk ya gudu.

Saratu kuwa ta tattara katin tsaf, har da nasa biyun da suka faɗa cinyarta a buɗe, ta daidaita su ta ajiye a gaban Mista Wolta. "Ku ƙirga, ku duba bayansu," ta ce. "Da maguɗi muke yi, da ba ta taɓa ambulan ɗin nan ba." Hannunta ko rawa ba ya yi. A cikin wannan tsoron ma sai da na lura da haka, kuma sai da ya yi mini zafi.

Mista Wolta ya yanke hukunci. Katina ya mutu, abin da ke tsakiya na Rendi ne, a canja mini ragowar dubu ɗaya da ɗari biyu. "Rendi, ɗaga kujerarka ka zauna. Sera, kin san doka. Ba sai kin dawo Lahadi ba." Babu fushi a muryarsa, bai kuma sake kallona ba.

Kun san abin da na yi? Da kuɗin a hannuna na tsaya a gabansa na rusuna na ce na gode da abinci. Sallama nake jira. Saratu ce ta fizgi hannuna muka sauka.

Hanyar dawowa

Rana ba ta faɗi ba lokacin da muka fito. Muka wuce gonakin nan ina ta waiwaye ko wata mota tana bin mu. Sai da muka shigo gari ta ce, "Kin ci wani abu ban da naman nan?"

Na ce, "Me ke hannunsa?"

"Wa?"

"Kin gani. A cinyarki suka faɗi."

Ta kunna sigina, ta sha kwana.

Ranar Litinin na kira Malam Isuhu na ce ya sayar. Ya ce, "Bon. Allah ya sa haka ya fi alheri, wata za ta zo." Bai tambaye ni dalili ba, na gode masa da hakan. Matar Irving Park ta ɗauki wata mai kula da babansu. Saratu ta rasa Lahadinta, wanda da shi take rage nauyin hayar gidan da nake kwana a ciki, kuma ba ta ce mini uffan a kai ba. Aikinta na mako yana nan. Da Mista Wolta ya kai wa uwarsa magana, tsohuwar cewa ta yi ba mai raba ta da Sera.

Shekaranjiya na same ta a kicin tana yanka kuɓewa, na sake tambaya.

"Rifkatu, ba ki gaji ba?"

"Sarauniya uku ne da ni. Ki faɗa mini kawai."

Ta ajiye wuƙar. "In na ce ya fi ki, za ki ce don in wanke kaina na faɗa. In na ce kin fi shi, ba za ki yafe mini ba, kuma Lahadi mai zuwa kina wani tebur. Wanne kike so?"

"Gaskiya."

"Na gani," ta ce. "Duka biyun na gani." Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka.

Na tsaya ina kallon bayanta. Ko dai ta cece ni, ko ta raba ni da motata, kuma duk duniya daga ita sai mutumin nan suka sani. Na yi addu'a a kai, na roƙi Ubangiji ya cire mini. Bai cire ba tukuna. Kati biyu ne fa, ko tafin hannu ba su cika ba. Su ma ita ke da su, ni ba ni da su.